Gwajin Jini Domin Ƙarambau: Wa Ya Kamata A Yi Wa, Kuma Yaushe?

Ƙarambau cuta ce da kusan kowane gida ya sani. Yaro ya yi zazzaɓi kwana ɗaya ko biyu, ƙuraje masu ruwa su feso masa a ƙirji da baya da fuska, ya yi ta susa, bayan mako guda su bushe su yi ɓawo, ya koma wasansa. Saboda haka jama'a suka ɗauke ta ciwon yara wanda ba a kai wa asibiti. Ga yawancin yara masu ƙoshin lafiya haka abin yake. Amma akwai waɗanda ƙarambau ke iya kai wa ga halaka, watau mace mai ciki, da jariri sabon haihuwa, da duk wanda garkuwar jikinsa ta raunana saboda ciwon daji ko ƙanjamau ko wani magani mai ƙarfi da yake sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cikin 2014 cewa a kowace shekara mutum wajen miliyan 140 ke kamuwa da cutar, fiye da miliyan 4 daga cikinsu tana tsananta musu har a kwantar da su, kuma kimanin 4,200 suna rasuwa.

Idan ƙarambau ta shiga gidan da ke da mai ciki, tambayar farko da likita zai yi ita ce: ta taɓa yin cutar ko ba ta taɓa ba? Wadda ta taɓa yi, da wuya ƙwarai ta sake. Wadda ba ta taɓa ba kuwa tana cikin haɗari, domin cikin mutum goma marasa kariya da ke zaune gida ɗaya da mai ƙarambau, har tara na iya kamuwa. Sau da yawa matar ba ta sani ba, mahaifiyarta ma da za a tambaya ta manta, ko kuwa tana rikita ƙarambau da ƙyanda. A nan ne gwajin jini ke da amfani.

Ƙwaya ɗaya, ciwo biyu

Abin da ke kawo ƙarambau ɗaya ce daga ƙananan ƙwayoyin cuta da ake kira bairas, waɗanda madubin likita na yau da kullum ba ya iya nunawa. Tana bin iska daga numfashin mai cutar, tana kuma cikin ruwan ƙurajen. Daga ranar da ta shiga jiki zuwa fitowar ƙuraje akan yi kwana 10 zuwa 21, galibi mako biyu. Mai cutar yakan fara yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin a ga kome a fatarsa, ya ci gaba har ƙurajen su bushe duka.

Bayan an warke ƙwayar ba ta barin jiki. Takan bi jijiyoyi ta laɓe a gindinsu, kusa da ƙashin baya da cikin kai, ta yi shiru shekara da shekaru. Sa'ad da tsufa ko wata cuta ta rage ƙarfin jiki sai ta farka, ta biyo jijiya ɗaya ta fito kan fata. Wannan ne ciwon nan mai raɗaɗi kamar ƙunar wuta, wanda ƙurajensa ke jeruwa a gefe ɗaya na jiki, su zagayo daga baya zuwa ƙirji ko ciki amma ba su ƙetare tsakiya. Likitoci suna ce masa zosta, daga kalmar Girkanci mai nufin ɗamara, don haka a wannan takarda za a kira shi ƙurajen ɗamara. A Amurka an lissafa cewa mutum ɗaya cikin uku yakan yi su a rayuwarsa.

An daɗe kafin a gane waɗannan abubuwa. Sai cikin 1767 wani likitan Ingila, William Heberden, ya bayyana sarai cewa ƙarambau dabam take da agana. Wajen ƙarshen ƙarni na 19 wani likitan yara a birnin Budafes, Janos von Bokay, ya lura yara suna yin ƙarambau bayan sun zauna da babba mai ƙurajen ɗamara. Tabbacin cewa ƙwayar ɗaya ce ya samu ne daga aikin Thomas Weller na Amurka, wanda ya raya ta a ɗakin bincike cikin shekarun 1950, daga ruwan ƙurajen ciwon biyu. Samun ƙwayar a hannu shi ya buɗe hanyar gwada jini.

Shaidar da jini ke ajiyewa

Duk lokacin da baƙuwar ƙwaya ta shiga jiki, jiki yakan ƙera waɗansu sinadarai na kariya da suka dace da ita kaɗai, kamar yadda mabuɗi ke dacewa da kwaɗonsa. Sunansu a bakin likitoci antibodi. Na ƙyanda ba ya kama ƙarambau, na ƙarambau ba ya kama ƙyanda. Iri biyu ne ake nema a gwaji, kuma da haruffa ake rubuta su a takardar sakamako: IgM da IgG.

IgM shi ke fara bayyana, cikin kwanakin farko na ƙuraje, sa'an nan ya ɓace bayan 'yan makonni ko watanni. IgG yakan biyo baya da 'yan kwanaki, ya yi ta hauhawa har mako biyu ko uku, kuma a yawancin mutane yana nan har ƙarshen rai. Tsohuwa mai shekara 70 da ta yi ƙarambau tana goye, in aka ɗibi jininta yau za a tarar da shi. Shi ne kuma irin da ke ratsa mabiyiya ya shiga jinin ɗan da ke ciki, ya tsare jariri watannin farko bayan haihuwa. Saboda haka in ana son a san ko mutum yana da kariya, IgG ake nema.

A ɗakin gwaji

Jinin da ake ɗiba daga jijiyar hannu bai wuce cikin ƙaramin cokalin shayi ba, alhali babban mutum yana ɗauke da wajen lita 5. Masu tsoron kada a rage musu jini su kwantar da hankali. Ba a bukatar mutum ya zo da yunwa, ba a kuma hana shi shan ruwa. Akan bar jinin cikin kwalba ya daskare, a sa shi a na'ura mai juyawa da sauri, sai ruwa mai kalar ɗorawa ya taso sama. Cikin wannan ruwan antibodi suke.

Hanyar da aka fi bi ita ce wadda ake kira ELISA, wadda masana biyu, Eva Engvall da Peter Perlmann, suka fito da ita a ƙasar Suwidin cikin 1971. Akwai faranti na roba mai ƙananan ramuka 96, an shafe cikin kowane rami da ɓarɓashin ƙwayar ƙarambau wadda ba ta da rai. Ma'aikaci zai ɗiga ruwan jinin mutum cikin rami, ya bar shi ya jima. In akwai antibodin ƙarambau, za su manne wa ɓarɓashin. Sai a wanke ramin, duk abin da bai manne ba ya tafi. A zuba wani sinadari mai kama antibodin ɗan Adam, a sake wankewa, a kawo na ƙarshe wanda ke sauya launi. Ramin da ya yi launi akwai kariya a jinin mai shi, wanda ya zauna fari babu. Ba da ido ake yanke hukunci ba. Na'ura ce ke auna ƙarfin launin ta ba da lamba. A kowane faranti kuma akan sa jinin da aka riga aka san yana da kariya, da wanda aka san ba shi da ita, domin in waɗannan biyu ba su fito daidai ba an san aikin ranar ya ɓaci, sai a sake. Manyan ɗakunan gwaji yanzu suna da injunan da ke yin wannan duka da kansu, suna auna haske maimakon launi. Aikin kansa na 'yan sa'o'i ne. Abin da ke jawo jinkiri shi ne tara samfura, ko aika jini wani gari in babu kayan aikin a kusa.

Akwai wata hanya da ta fi wannan gani, ana ce mata FAMA, wadda aka ƙirƙiro a Amurka cikin 1974. Tana da wahala, tana cin lokaci, sai a cibiyoyin bincike kaɗan ake yin ta, kuma da ita ake auna ingancin sauran.

Karanta sakamako

Takardar takan dawo da ɗaya daga amsa uku. Ta farko fozitif, watau an sami IgG. Ya kamata a yi wa jama'a bayanin wannan kalma tun kafin su buɗe takarda, domin tun zuwan gwajin ƙanjamau mutane da yawa in sun ji ta sai gabansu ya faɗi. A gwajin IgG na ƙarambau fozitif albishir ne: mutum ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, ko ta ciwo ko ta allura, yana da kariya. Ta biyu negetif, ba a sami kome ba, sai a ɗauke shi wanda zai iya kamuwa. Ta uku ita ce ta tsaka-tsaki, lambar ta faɗa kan iyaka. A irin wannan akan sake gwaji, in kuwa lokaci ya ƙure likita ya ɗauki mutumin a matsayin marar kariya, domin kuskure ta wannan gefen ya fi sauƙi.

Akwai abubuwan da ke ruɗa sakamako, kuma wajibi ne a gaya wa likita su tun farko. Wanda aka ƙara wa jini cikin 'yan watannin da suka wuce yana iya fitowa fozitif da antibodin wanda ya ba shi jinin, kariyar aro ke nan wadda za ta ƙare. Haka jariri ɗan wata uku ko huɗu, abin da ke jininsa na uwarsa ne. Lokacin ɗibar jinin ma yana da muhimmanci. In an ɗiba cikin kwanakin farko bayan haɗuwa da mai cutar aka sami IgG, tsohuwar kariya ce. In kuwa an bari har ƙuraje sun fito, ba a iya rarrabe tsohuwa da sabuwa.

Dalilin da ya sa abin ya fi shafar ƙasashe masu zafi

A ƙasashe masu sanyi kamar Ingila, kafin zuwan allura, fiye da kashi 90 cikin 100 na yara sukan yi ƙarambau kafin su balaga. A ƙasashe masu zafi an lura cutar takan yi jinkiri, mutane da dama su girma ba su yi ta ba, musamman waɗanda suka tashi a ƙauyukan da ba cunkoso. Saurayi ya bar ƙauye ya shiga makarantar kwana ko barikin soja, ko yarinya ta yi aure a birni, a nan suke haɗuwa da ita, a shekarun da ta fi tsanani. Babba ya fi yaro saurin samun ciwon huhu daga ƙarambau nesa ba kusa ba. Hukumomin lafiya na Ingila ma suna ba da shawarar a gwada jinin ma'aikatan asibiti da suka tashi a ƙasashen waje ko da sun ce sun taɓa yi, domin an ga ba a cika dogara da tunawarsu ba. Abin da ya sa a can ake gwada ɗan Nijeriya shi ne ya kamata ya sa a yi hattara a gida.

Mace mai ciki

Haɗarin iri uku ne. Ita kanta uwar tana iya samun ciwon huhu mai tsanani, musamman in cikin ya tsufa. In ta kamu cikin makonni 20 na farko, ƙwayar tana iya taɓa ɗan, a haife shi da tabo a fata, ko ƙanƙancewar hannu ko ƙafa, ko lahani a ido da ƙwaƙwalwa. Wannan ba ya da yawa: ƙasa da ɗaya cikin 100 a makonni 12 na farko, wajen biyu cikin 100 tsakanin mako na 13 da na 20. Na uku ya fi su gaggawa. In ƙuraje suka fito wa uwa daga kwana biyar kafin haihuwa zuwa kwana biyu bayanta, jariri ya karɓi ƙwayar amma bai karɓi kariyar ba, domin jikin uwar bai gama ƙera ta ba. Irin wannan jariri sai an kula da shi a asibiti.

Saboda haka mai cikin da ta zauna ɗaki ɗaya da mai ƙarambau, ko da na kwata ɗin sa'a ne, ko ta yi jinyar mai ƙurajen ɗamara, in ba ta da tabbacin ta taɓa yi, ta sanar da likita ko ungozoma a ranar, ta kuma faɗi ranar da aka haɗu da ranar da ƙurajen mai cutar suka fito. Kada ta jira ranar awo. In jini ya nuna fozitif, magana ta ƙare, ta koma gida. In negetif ne akwai abin yi, amma yana da wa'adi. Akwai allurar antibodi da ake tacewa daga jinin masu kariya, wadda ake yi cikin kwana 10 da haɗuwa. Tana da tsada, ba ko'ina ake samunta ba. Akwai kuma maganin asaikilobiya, wanda a Ingila ake ba irin waɗannan mata daga kwana na 7 zuwa na 14 bayan haɗuwa. Likita ne zai zaɓa. Sakamakon da ya iso bayan mako uku ba shi da sauran amfani ga wannan cikin, don haka ma'aikacin da ya karɓi jinin ya rubuta a takarda cewa na gaggawa ne. In asibitin ya ajiye ragowar jinin da aka ɗiba ranar awon farko, ana iya gwada shi ba sai an sake ɗiba ba.

In kuwa ƙuraje sun riga sun fito mata, ta je asibiti cikin kwana guda, domin maganin ya fi aiki in an fara da wuri. Amma ta aika a sanar kafin ta iso, kada ta shiga layin awo ta zauna cikin sauran mata.

Inda gwajin jini ba shi ne mafita ba

Mutane sukan zo da ƙuraje su ce a gwada musu jini a ga ko ƙarambau ce. Jini ba ya amsa wannan da kyau. IgM yakan ƙi fitowa alhali cutar ce, wani lokaci ya fito alhali ba ita ba ce, kuma ba ya bambanta kamuwar farko da farkawar tsohuwar ƙwaya. Da IgG kuwa sai an ɗibi jini sau biyu, tsakaninsu mako biyu ko fiye, a ga ko ya ninka sau huɗu, kafin nan mai ciwon ya warke ko ya tsananta. Ƙwararren likita da ido yake gane yawancin ƙarambau. In ana shakka, abin da ya fi shi ne a goga auduga a gindin ƙurji, ko a ɗauki ɓawonsa, a nemi ƙwayar kanta ta gwajin da ake kira PCR.

Wannan bambanci yana da tarihi a Nijeriya. Lokacin yaƙin kawar da agana, wanda aka fara a Afirka ta Yamma cikin 1967, babban aikin ma'aikatan sa ido shi ne rarrabe agana da ƙarambau. An ga mai agana na ƙarshe a ƙasar cikin 1970, aka kuma shelanta kawar da ita daga duniya cikin 1980. Matsalar ta dawo da sabuwar fuska cikin Satumba 2017, sa'ad da ƙyandar biri ta sake ɓulla a Jihar Bayelsa bayan kusan shekara 40 ba a gan ta ba. Cikin samfuran da aka aika wa Hukumar NCDC da zaton ƙyandar biri ce, waɗansu ƙarambau aka tarar. Ƙurajen ƙarambau sun fi yawa a gangar jiki, suna fitowa kashi-kashi, a ga sabo da mai ruwa da busasshe wuri ɗaya. Na ƙyandar biri sun fi tauri da zurfi, sukan kama tafin hannu da na ƙafa, da kumburin kaluluwa. Duk da haka ido yana kuskure, kuma daga ƙurjin ake samun tabbaci.

Haka nan jini ba ya faɗin wanda zai yi ƙurajen ɗamara. Kusan duk wanda ya yi ƙarambau fozitif ne, kuma abin da ke danne ƙwayar a cikin jijiya wani sashe ne dabam na garkuwar jiki wanda wannan gwaji ba ya aunawa. Mai ƙurajen ɗamara ya nemi magani cikin kwana uku da fitowarsu, kada ya tsaya jiran sakamako, balle in sun fito a goshi ko gefen hanci, domin suna iya cin ido. In matashi ne ya yi su, gwajin da ya fi cancanta a ba shi shawara a kai shi ne na ƙanjamau, domin sau da yawa su ne alamar farko ta raunin garkuwa. Ba kowane matashi mai su ke da ita ba, amma sani ya fi zato.

Allurar rigakafi da ma'aikatan asibiti

Michiaki Takahashi na Jami'ar Osaka a Japan shi ya haɗa allurar ƙarambau cikin 1974. Amurka ta amince da ita cikin 1995, lokacin da cutar ke kama mutum wajen miliyan 4 a shekara a can, tana kashe 100 zuwa 150. Daga 2006 aka mayar da ita sau biyu. Ba ta cikin jerin alluran yara na kyauta a Nijeriya, sai dai a waɗansu asibitoci a biya. Ƙwaya ce mai rai da aka raunana, saboda haka ba a yi wa mai ciki ko mai raunin garkuwa sosai, kuma macen da aka yi wa ta dakata wata guda kafin ta ɗauki ciki. Lokacin da gwaji ya fi amfani ga mace ke nan, kafin ciki, ko bayan ta haihu in an same ta negetif. Allurar tana kuma hana cutar ko rage ta in an yi wa marar kariya cikin kwana uku zuwa biyar da haɗuwa.

Wanda aka yi wa allura sau biyu ba ya bukatar gwaji don tabbatarwa. Antibodin da allura ke haifarwa ba su kai na ciwo yawa ba, kayan ELISA na kasuwa kuwa sukan kasa ganinsu, sai mutum ya fito negetif alhali yana da kariya. Katin allura ya fi takardar gwaji ƙarfi a nan, don haka a adana shi.

Ɗaliban aikin jinya da na ungozoma da na likita ya kamata a san matsayinsu tun kafin su fara shiga ɗakunan marasa lafiya. Ma'aikaciyar jinya marar kariya da ta haɗu da mai ƙarambau sai an janye ta daga ɗakin haihuwa da na jarirai da na masu ciwon daji tun daga kwana na 8 har na 21, domin tana iya yaɗawa kafin ta san ta kamu. Mako biyu ke nan na aiki a asibitin da dama ma'aikata ba su ishe shi ba, alhali gwaji ɗaya da allura biyu a shekarar farko ta makaranta sun isa su hana haka.